Yadda Ake Haƙa Rami a Fito Lafiya: Tsarin Sojojin Ƙarƙashin Ƙasa ga Maginan Rijiya na Sakkwato

A watan Fabrairun 1915, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Ɗaya, rundunar injiniyoyin sojan Birtaniya ta kafa wasu kamfanoni, wato rukunonin soja, masu aiki ɗaya tak: haƙa rami ta ƙarƙashin ƙasa har ya kai ƙarƙashin ramukan tsaron Jamusawa a Faransa da Beljiyam, don a dasa musu nakiya. Wanda ya matsa lamba aka kafa su wani ɗan kwangila ne kuma ɗan majalisa, John Norton-Griffiths, wanda leburorinsa ke haƙa magudanun ruwa a birnin Manchesta. Ba gwanin fareti aka nema ba. Masu haƙar kwal da masu haƙar magudana aka kwaso, wasu sun haura shekara arba'in, aka sa musu kaki aka tura su bakin daga cikin 'yan kwanaki. Gwanin haƙa yana karɓar sule shida a rana, alhali sojan ƙasa sule ɗaya yake samu. Zuwa tsakiyar 1916 Birtaniya tana da irin waɗannan kamfanoni 25, ga uku na Kanada, uku na Ostireliya, da ɗaya na Niyu Zilan.

Kakanninmu da suka shiga soja a wancan yaƙi Kamaru da Gabashin Afirka aka kai su, ba su shiga waɗannan ramuka ba. Amma ƙa'idojin da waɗancan mutane suka kafa bayan sun yi asarar rayuka masu yawa, su ne ake buƙata a bakin kowace rijiya da ake ginawa a Wurno ko Goronyo, da kowane ramin ma'adini a wajen Dange da Shuni. Batun nakiya da yaƙi ba namu ba ne. Namu shi ne yadda mutum zai sauka mita goma ko ashirin, ya yi aikinsa, ya koma gida.

Fara da sanin ƙasar

A yankin Iper na Beljiyam sojojin sun tarar da ƙasa hawa-hawa: ta sama mai laushi, sai wani yashi mai cike da ruwa wanda ke malala da zarar an taɓa shi, sai can ƙasa yumɓu mai shuɗi-shuɗi, busasshe, mai riƙe kansa. Ramukan farko a yashin nan suka riƙa lalacewa. Sai da aka koma nutsa zobban ƙarfe, ana ɗaure wani kan wani ana danna su har su huda yashin su zauna cikin yumɓu, sannan aikin ya yiwu. Ta haka aka haƙa ramukan Mesin, kusa da Iper, waɗanda aka tayar da nakiyar 19 daga cikinsu a ranar 7 ga Yunin 1917.

Ƙasar Sakkwato ma hawa-hawa take. A fadamun Rima yashi ne da laka, ruwa kusa. A wajen Wurno akwai yashi mai laushi ƙwarai wanda bai kama jikinsa ba. A Dange akwai yumɓu mai ɓarewa falle-falle, wanda yake da ƙarfi ranar da aka buɗe shi, amma in ya sha iska da danshi kwana biyu sai ya fara zubowa. A Kalambaina dutsen farar ƙasa ne, mai tauri amma mai tsaguwa, kuma ruwa ta cikin tsagar yake bi. Marmarar da ke sama tana ruɗin mutane: a ga ta tsaya kyam a ɗauka haka abin yake har ƙasa.

Kafin a sa diga, a zagaya rijiyoyin unguwar a tambayi waɗanda suka gina su: a gaba nawa aka bar marmara, a ina yashi ya fara, a ina aka ci ruwa. In ana haƙa, a riƙa dunƙule ƙasar kowane mita a hannu. Wadda ta dunƙulu ta riƙe siffar yatsu yumɓu ce. Wadda ta wargaje da an buɗe hannu yashi ce, kuma daga nan ba a ƙara taku ɗaya ba tare da kariya ba. Lokacin aiki shi ne rani, daga Maris zuwa Mayu, sa'ad da ruwan ƙasa ya ja baya. Sai dai zafin yakan haura digiri 40, don haka a fara da asuba a tashi kafin rana ta take. Rijiyar sha ta nisanci masai da aƙalla mita 30. Mai haƙar ma'adini kuma ya tuna dokar ma'adinai ta 2007 ta wajabta lasisi.

Bakin rami da gangarawa

Sojojin suna ɗura ƙasar da suka haƙo a buhu, su kwashe da dare su kai nesa, don kada jirgin leƙen asiri ya hango shuɗin yumɓu. Mu dalilinmu nauyi ne. Ƙasar da ta cika ma'aunin mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi tana kai tan ɗaya da rabi ko fiye. Tulin da aka jibge a gefen rijiya yana danna bangon da mutum yake ƙarƙashinsa. A zuba ƙasa nesa da baki da aƙalla mita ɗaya, a yashi ma mita biyu. Tifa da tankar ruwa kada su matso. A ɗaga bakin da bulo ko kankare kamar santimita 30 don kada ruwa ko tsakuwa su gangara, a kafa ƙafafu uku masu ƙarfi a rataya kura, wato abin da igiya ke bi ta kansa in ana ja. Igiyar bokiti daban, igiyar mutum daban.

A ƙasa mai tauri ana iya haƙa mita ɗaya a yi masa kariya, a sake mita ɗaya. A yashi kuwa dabarar sojojin ake bi: a ajiye zoben kankare, a shiga cikinsa a riƙa yasar ƙasa daga ƙarƙashin leɓensa, yana nutsewa da nauyin kansa, ana ɗora wani a sama. Abin da ke ɓaci a nan biyu ne. In aka fi yasar gefe ɗaya zoben zai karkace ya cije; maganinsa a riƙa yasa a kewaye daidai, ana duba tsayuwarsa da igiya mai dutse bayan kowane santimita 20 ko 30. Na biyu, in ba a ɗaure zobban da juna da ƙarfe ba, na ƙasa zai nutse ya bar na sama a maƙale, yashi ya kwararo ta tsakaninsu a kan mai aiki.

In za a karya kwana zuwa gefe

Nan ne haɗarin ya fi yawa, nan ne kuma sojojin suka fi kowa tsari. Ramin da suka fi haƙawa bai wuce mita 1.3 a tsayi da santimita 70 a faɗi ba. Da gangan suka matse shi: gwargwadon faɗin rufi, gwargwadon nauyin da ke kansa. Masu bin jijiyar ma'adini sukan faɗaɗa rami don a sake, kuma a nan rufi yake fara tsagewa.

A tsarin sojojin, mutum uku ne a bakin aiki. Na farko yana jingina bayansa da wani katako mai siffar gicciye da aka kafa a karkace tsakanin ƙasa da rufi, ƙafafunsa suna fuskantar bango. Yana riƙe da wani siririn shebur mai kaifi mai wurin taka ƙafa, ya danna shi cikin yumɓu da ƙafa biyu, ya ɓamɓaro dunƙule ya miƙa gefe. Na biyu yana ɗurawa a buhu. Na uku yana ɗora buhunan a ɗan keke mai tayar roba da ke bin layin katako, ya tura waje, ya dawo da katakon kariya. Suna musayar wuri in mai dannawa ya gaji. Da wannan dabara sukan ci mita takwas a yini, Jamusawa masu sara da diga kuwa wajen mita biyu. Ku lissafa: kowane mita na irin wannan rami kusan tan ɗaya da rabi ne, mita takwas ya kama tan goma sha biyu ke nan, duk a buhu.

Dabarar tana da amfani ko babu yaƙi, domin ba ta girgiza rufi kamar sarar diga, kuma cinya ta fi kafaɗa juriya. Amma a yumɓu mai danshi kawai take ci. A yankin Som na Faransa, inda ƙasar alli ce mai tauri, da sojojin suka kusanci abokan gaba sai suka koma ɓamɓarar allin da wuƙar bindiga, babu takalmi, ana cafe kowane gutsure kafin ya faɗi, ba sa wuce rabin mita a yini.

Ramin gefe ba a yin sa a miƙe sak. Ana ɗan ɗaga shi santimita ɗaya zuwa biyu a kowane mita yayin da ake nisa da rijiyar, don ruwa ya gangaro baya ya taru a wani ɗan gurbi da aka haƙa a gindin rijiyar, daga nan a kwashe. Tiyon ruwan da magina ke auna lebur da shi ya isa wannan aiki. Wanda ya bari raminsa ya gangara gaba, ruwa zai taru a inda yake zaune, ya jiƙa gindin bango, bangon ya zauna.

Katako

Ƙa'idarsu ita ce ba a barin ƙasa tsirara fiye da faɗin katako ɗaya, wato inci tara, santimita 23. A haƙa inci tara, a sa firam, sannan a ci gaba. Firam ɗin guda huɗu ne: na shimfiɗa a ƙasa, ƙafafu biyu, da na rufi. Ba ƙusa, domin bugun guduma zai tona asirinsu. Ana yanka ɗan mataki a kowane ƙarshen na ƙasa da na rufi, inda ƙafafun za su zauna, ta yadda in ƙasa ta matso daga gefe sai ta ƙara ɗaure firam ɗin. Danshi kuma yana kumbura katakon ya cije. A fara da na ƙasa a daidaita shi, a tsayar da ƙafafu, a ɗora na rufi, kowane firam manne da na bayansa.

A wannan lissafi mita goma na cin firam 44, wato guntayen katako 176. A nan masu aiki ke fara rowa, su ce ƙasar tana da kyau, a bar tazarar mita ɗaya ko biyu. A dutse mai ƙarfi ana iya buɗe tazara in wanda ya san aikin ya duba ya yarda. A yumɓu da yashi babu wannan rangwame. Wanda kuɗinsa bai kai na katako ba, kuɗinsa bai kai na ramin gefe ba.

A nemi katako mai kaurin inci uku, marar ƙulli a tsakiya, marar ɓarakar gara. Azarar giginya tana jure gara, amma a zaɓi ta gindi mai baƙin ƙarfi, a bar mai farin ciki. Duk gurbin da ya rage tsakanin katako da ƙasa a cusa masa guntun itace ko buhun ƙasa har ya toshe. Katakon da bai taɓa rufi ba bai riƙe komai ba. Ƙasa za ta sako daga sama ta faɗo masa da ƙarfi ta karya shi. In rufin yana zubowa tun kafin a sa firam, a riƙa tura alluna masu tsini ta saman na rufi zuwa cikin ƙasar da ba a haƙa ba tukuna, a yi haƙan a ƙarƙashin inuwarsu. Kuma ba a cire firam daga baya don a kai gaba.

Iska, wadda ta fi rushewa kisa a ɓoye

Wani kamfani ɗaya, cikin mako shida kacal, ya rasa mutum 16 saboda gurɓatacciyar iska, aka kai 48 asibiti, aka yi wa 86 magani a bakin rami. Mai kisan ita ce kabon monoksaid, wadda fashewar nakiya ke bari cikin ƙasa. Ba ta da launi, ba ta da wari, tana kama jini fiye da yadda oksijin ke kama shi sau sama da ɗari biyu. Mu ba mu da nakiya a rijiya, amma muna da injin ban ruwa na fetur da janareta, kuma iskar da suke fitarwa ita ce wannan. Injin fetur ba ya shiga rami, ko na minti biyar. Ba a kuma ajiye shi a baki inda hayaƙin zai gangara. A kai shi nesa, ta inda iska ke kaɗawa ta tafi da hayaƙin. In ruwa ya yi yawa a sa famfon lantarki mai nutsewa, a ɗauke wutar kafin mutum ya taka ruwan.

Akwai wasu miyagun iska iri biyu. Kabon dayoksaid ta fi iska nauyi, tana kwanciya a gindin rami cikin dare, musamman a ƙasar farar ƙasa da tsohuwar rijiyar da ganye ya ruɓe a ciki. Sai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ake samu kusa da masai da ruɓaɓɓen laka. In ta yi yawa tana kashe jin wari, mutum ya ɗauka ta wuce alhali ƙaruwa ta yi.

Sojojin suna gwaji iri biyu, domin kowanne abin da yake gani daban. Kyandir yana nuna ƙarancin oksijin: iskar waje kashi 21 cikin ɗari ce, harshen wuta yana dusashewa ya mutu a wajen kashi 16 zuwa 17. Amma kyandir yana ci lafiya lau cikin kabon monoksaid da za ta kashe mutum. Shi ya sa suke shiga da ɓera ko kanari a keji, dabarar da masanin numfashi John Scott Haldane ya kawo wa ma'aikatan kwal: ƙaramar halitta tana jigata kafin mutum, in tsuntsu ya faɗo daga kan sandarsa kowa ya fita. Yau akwai na'urar hannu mai auna iska iri huɗu, kuma ƙungiyar magina za ta iya haɗa kuɗi ta saya. A zura ta da igiya, a tsaya a sama, a tsakiya, da gindi. Oksijin ƙasa da kashi 19.5 cikin ɗari, ko kabon monoksaid sama da kashi 35 cikin miliyan, ko mai warin ƙwai sama da kashi 10 cikin miliyan, ba a shiga. Inda babu na'ura a zura fitila mai harshen wuta, amma ban da kusa da masai ko gidan mai, domin can iskar tana iya kamawa da wuta. Gwajin na kowace safiya ne da bayan kowane hutu. Lafiyar jiya ba ta shaidar ta yau.

Da zugazugin maƙera da dogon tiyo sojojin suka fara tura iska, mutum yana zuga ba tsayawa, kafin a kawo injuna. Abin lura shi ne bakin tiyon yana kaiwa har inda ake haƙa. Fankar da aka kafa a sama tana kaɗa bakin rami kawai. A sa injin hura iska da tiyo mai faɗi, bakinsa bai fi mita ɗaya ko biyu daga mai aiki ba, ana ƙara tsawonsa yadda ramin ke ƙaruwa. Dokar aikin rami a Amurka ta ce kowane mutum a ba shi iska kusan ma'auni shida a minti, kowane ma'auni mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Rijiya mai faɗin mita 1.2 da zurfin 15 tana ɗauke da kusan ma'auni 17; injin da ke tura goma a minti, a bar shi ya yi minti ashirin kafin kowa ya sauka, kuma kada a kashe shi sai na ƙarshe ya fito. Zura reshe mai ganye ana ja ana saki, kamar yadda aka gada, yana motsa iska kaɗan, amma ba ya isa a rami mai zurfi.

Ciwon kai, jiri, nauyin ƙafafu, bugun zuciya, ko mutum ya fara magana ba kan gado: a fito da shi nan take. Na sama ya riƙa kiran na ƙasa da suna kowane minti biyu ko uku. In amsa ta yi jinkiri, a ja.

Kunne

Kowane kamfani yana da masu saurare. Akan tsayar da aiki cak, mutum ya kwanta shi kaɗai a ƙarshen rami da wata na'ura mai kama da abin sauraren ƙirji na likita, yana neman motsin digar abokan gaba. Mu ƙasar kanta muke saurare. Katako yakan yi ƙara kafin ya karye. Yashi yakan fara tsiyaya siriri ta tsakanin alluna. Bango busasshe yakan fara gumi. Dutsen rufi in aka ƙwanƙwasa shi da dagi ya yi amon ganga, ya rabu da na samansa. Kowanne daga cikin waɗannan, fita ake yi tukuna, a yi shawara a sama. Rediyo da waƙar waya ba su da wuri a rami. A wuraren ma'adini inda ramuka ke kusa da juna, a kafa dagi a bango a sa kunne. In ana jin saran maƙwabci, ƙasar da ke tsakani ta yi siriri, sai a zauna da shi a raba hanya.

In abu ya faru

Da yawa daga cikin waɗanda iska ta kashe a ramukan yaƙi masu kai ɗauki ne: ɗaya ya faɗi, na biyu ya ruga, na uku ya bi. Sai da hukumar soja ta buɗe makarantar ceto, ta ajiye na'urorin numfashi a kusa da ramuka, ta kuma hana kowa sauka ceto babu na'ura. Mun san wuyar wannan doka in ɗan'uwanka ne a ƙasa, amma ita ce ke hana gawa ɗaya zama uku. Tsumma a hanci ba ya tare wannan iska, riƙe numfashi ma ba ya kai mutum ƙasa ya dawo. Maganin tun kafin a sauka ake yin sa: kowa ya sa ɗamara mai kama cinyoyi da kafaɗu, igiyarta a kan kura, mutum biyu a sama waɗanda ba su da wani aiki sai shi. Igiya a ƙugu kaɗai tana iya suɓucewa ko ta naɗe wanda ya suma. In ya faɗi a ja shi daga sama, a ƙara iska, a kira 'yan kwana-kwana ko lamba 112.

Wanda aka fito da shi a kwantar da shi a sarari ta gefensa, kada a sa shi tafiya, domin motsi yana ƙara wa zuciya nauyi. Kada a ɗura masa madara ko manja. Wanda ba ya cikin hayyacinsa zai shaƙe. In ba ya numfashi a fara danna ƙirji. Oksijin yake buƙata, a nufi asibiti mafi kusa, in da hali Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko Asibitin Ƙwararru.

Rushewa kuwa ba ta cika zuwa sau ɗaya ba. A Yunin 1916, a Jibanshi ta Faransa, nakiyar Jamusawa ta rufe mutum biyar na Kamfani na 254 a cikin rami. Bayan awa ashirin aka huda ƙaramar kafa, William Hackett, tsohon mai haƙar kwal ɗan shekara 43, ya taimaki uku suka fita, ya ƙi barin na huɗun da ya ji mummunan rauni. Kafar tana ta matsewa har ramin ya sake ruftawa. An yi kwana huɗu ana haƙa ba a kai gare su ba. Shi kaɗai ne cikin masu haƙan da aka ba lambar Victoria Cross, babbar lambar jarunta ta sojan Birtaniya. Ƙasar da ta motsa sau ɗaya a kwance take, jira take a taɓa ta.

Saboda haka mai ceto yana sa katako yana matsawa, ko da ana jin muryar wanda ke ciki. A kori taron jama'a daga baki, nauyinsu kaɗai yana iya kawo rushewa ta biyu. Kada a kawo motar haƙa kan wurin. In akwai kafa a tura tiyon iska tukuna. Kusa da mutum a ajiye diga a koma hannu da ƙaramin shebur, a fara buɗe fuska da ƙirji, kada a fizge shi da igiya alhali ƙafafunsa na binne. Wanda ƙasa ta danne na tsawon lokaci a kai shi asibiti ko ya miƙe da ƙafarsa yana cewa lafiya lau, domin naman da ya matsu yana sakin abin da ke lalata ƙoda bayan sa'o'i. Ramin kuma a rufe bakinsa, kada a koma ciki sai an sake gwada iska an bi firam ɗaya bayan ɗaya tun daga baki.